Gundumar Mutum 399: Ƙauye, Haraji da Ƙaramar Hukuma a Karkarar Nebraska

Jihar Nebraska, wadda ke tsakiyar Amurka a yankin filayen ciyawa da noman masara da waken suya, tana da faɗin ƙasa kusan murabba'in kilomita 200,000, wato kimanin ninki goma na Jihar Kano, amma ƙidayar shekarar 2020 mutum 1,961,504 kacal ta samu a cikinta, kuma fiye da rabinsu suna zaune ne a gundumomi uku da ke gabashin jihar, inda biranen Omaha da Lincoln, babban birnin jihar, suke. Gunduma a nan tana nufin abin da Amurkawa ke kira kawunti, wato matakin mulkin da ke ƙarƙashin jiha, mai zaɓaɓɓiyar majalisa da ma'aji da magatakarda da ikon sanya haraji, wanda shi ne ya fi kusa da abin da aka sani da ƙaramar hukuma a Nijeriya. Jihar tana da irin waɗannan gundumomi 93, kuma 12 daga cikinsu jama'arsu ba su kai mutum 1,000 ba; gundumar McPherson mutum 399 aka ƙidaya a cikinta, maƙwabciyarta Arthur kuma 434. Duk da haka kowacce tana yin zaɓenta, tana tsara kasafinta, tana tara harajinta, tana gyara hanyoyinta. An daɗe ana muhawara a jihar kan ko ya kamata a haɗe irin waɗannan gundumomi domin rage kashe kuɗi, kuma ra'ayin wannan maƙala shi ne masu neman haɗewar suna auna abin da bai kamata a auna ba, domin ƙarfin ƙaramar hukuma yana fitowa ne daga kusancin mai biyan haraji da mai kashe shi, wanda shi ne abu na farko da haɗewa za ta rusa.

Taswirar wannan yanki an zana ta tun kafin manoman da za su zauna a cikinsa su iso. Dokar awon ƙasa ta 1785 ta tanadi a yanka ƙasashen yamma zuwa murabba'ai masu mil shida a kowane gefe, kowane murabba'i kuma a raba shi gida 36, kowane gida mil ɗaya tsawo mil ɗaya faɗi, wato eka 640, tare da keɓe gida na 16 domin ɗaukar nauyin makaranta. Dokar mallakar gona ta 1862 ta ba duk wanda ya zauna ya noma eka 160 na tsawon shekara biyar damar mallakarta, kuma ɗaya daga cikin filayen farko da aka yi wa rajista a ƙarƙashinta yana kusa da garin Beatrice na Nebraska, ranar 1 ga Janairu, 1863. Ƙasar da aka raba ɗin tana da masu ita, ƙabilun Pawnee da Ponca da Omaha da Lakota, waɗanda aka kora ko aka tsuke a keɓaɓɓun wurare, kuma duk wani yabo da za a yi wa tsarin dole ne ya tafi tare da wannan gaskiyar. Kamfanonin jirgin ƙasa, musamman Union Pacific da Burlington, su ne suka dasa mafi yawan garuruwan, suna kafa tasha da rumbun hatsi kowane 'yan mil kaɗan a kan layin dogo, gwargwadon nisan da manomi zai iya kai kaya da keken doki ya koma gida kafin dare.

Bayanin da aka saba bayarwa game da girman gundumomin shi ma daga keken dokin ya fito, cewa an so kowane manomi ya iya zuwa hedikwata ya yi rajistar gonarsa ko ya biya harajinsa ko ya tsaya gaban alƙali, ya kuma dawo a yini guda. Saboda haka garin da ya samu ginin kotu da ofisoshin gunduma ya samu lauyoyi da banki da jarida da masaukin baƙi, wanda ya rasa kuwa yakan tsaya cik ko ya mutu, kuma garuruwa sun yi ta kokawa a kan wannan matsayi da ƙuri'a da shari'a, wani lokaci har da satar kundin rajista cikin dare. A 1899, bayan garin Alliance ya ƙwace hedikwatar gundumar Box Butte daga Hemingford, ginin kotun kansa aka ɗora a kan jirgin ƙasa aka kai shi sabon mazauninsa.

Tun daga farko an san eka 160 ba za ta riƙe iyali ba a yammacin jihar, inda ruwan sama ya yi ƙaranci kuma tuddan yashi masu ciyawa suka mamaye kusan rubu'in ƙasar, shi ya sa dokar Kinkaid ta 1904 ta ɗaga rabon zuwa eka 640 a wannan ɓangare. Ko wannan bai isa ba, kuma mafi yawan waɗanda suka karɓa sun sayar wa masu kiwon shanu sun tashi. Daga baya fari da guguwar ƙura na shekarun 1930 suka kori wasu, tarakta da injin girbi suka sa mutum ɗaya yake yin aikin da a dā sai mutum goma, rikicin bashin manoma na shekarun 1980 kuma ya ƙarasa da dama daga cikin waɗanda suka rage. A tsakiyar shekarun 1930 Amurka tana da gonaki kusan miliyan 6.8, ƙidayar noma ta 2022 kuwa kimanin miliyan 1.9 ta samu. A Nebraska adadin ya sauko daga sama da 130,000 zuwa kimanin 44,000, matsakaiciyar gona kuma ta doshi eka 1,000. Amfanin gona ya ƙaru ƙwarai, musamman bayan da Frank Zybach ya samu hatimin ƙirƙirar injin ban ruwa mai kewayawa a 1952, aka shiga janyo ruwan ƙarƙashin ƙasa na Ogallala, amma hannayen da ake bukata sun ragu, kuma gundumomi da yawa tun a 1920 ko 1930 suka kai ƙololuwar yawan jama'arsu. Har ta kai a 1987 wasu masana biyu, Frank da Deborah Popper, suka ba da shawarar a mayar da sassan da suka fi bushewa makiyayar ɓaunan Amurka, shawarar da mutanen yankin suka ɗauka a matsayin zagi.

Ƙauye a dokar Nebraska matsayi ne na mulki da aka rubuta, domin gari mai mutum 100 zuwa 800 yana iya zama hukuma mai cin gashin kanta, da majalisar amintattu biyar da mazauna ke zaɓa, waɗanda ke kula da rijiyar burtsatse da tankin ruwa da magudanai da fitilun titi da lasisin kanti, suna kuma sanya nasu ɗan harajin a kan gidajen da ke cikin iyakar garin. Jihar tana da garuruwa sama da 500 masu irin wannan rajista, mafi yawansu ƙauyuka, kuma ƙauyen da jama'arsa suka ragu ƙasa da 100 ba ya rasa matsayinsa nan take. Misalin da ya fi shahara shi ne Monowi a gundumar Boyd, wanda a shekarun 1930 yake da mutum kusan 150, a ƙidayar 2010 kuwa ya koma mutum ɗaya, wata dattijuwa wadda tun rasuwar mijinta a 2004 ita ce shugabar gari, ita ce magatakarda, ita ke riƙe da ɗakin karatu, kuma kowace shekara takan cika takardun tsarin hanya da kasafi kamar yadda doka ta buƙaci kowane gari. 'Yan jarida sun mayar da labarin abin nishaɗi, alhali abin lura a cikinsa shi ne doka ta ɗauki wuri mafi ƙanƙanta a matsayin mai haƙƙi da alhaki, mai asusu da za a iya bincika, maimakon wurin da ke jiran a tuna da shi daga sama.

Aikin gunduma ya fi na ƙauye nauyi, kuma mafi yawansa ba ya ɗaukar ido. Majalisar kwamishinoni, wadda a ƙananan gundumomi mutum uku ne, ita ke tsara kasafi da kula da hanyoyin tsakuwa da gadoji da kwalbatoci, waɗanda a yankunan noma suke bin layin awon nan kusan kowane mil. Ma'aji yana karɓar haraji da rajistar motoci, mai ƙiyasi yana ƙayyade darajar kowace gona da kowane gini, mai rajistar filaye yana ajiye tarihin kowane ciniki da jingina, lauyan gunduma yana gurfanar da masu laifi, sherif kuma, wato shugaban 'yan sandan gunduma, yana tsare doka da gidan kaso. Dukkan waɗannan zaɓarsu ake yi kai tsaye, ba gwamna ke naɗa su ba. A gundumomin da jama'a suka yi ƙaranci doka ta yarda mutum ɗaya ya haɗa muƙamai, ta yadda magatakarda zai zama shi ne mai ƙiyasi da mai rajistar filaye da jami'in zaɓe da magatakardan kotu a lokaci guda, kashe gobara da ɗaukar marasa lafiya kuwa 'yan sa-kai ne ke yi, manoma da makiyaya da ke ajiye aikinsu idan an buga ƙararrawa. Tsohon ginin kotun gundumar Arthur, wanda aka gina da katako a 1914, ƙafa 26 ne da ƙafa 28, kuma ya yi shekaru da dama yana ɗauke da dukkan hukumar.

Ginshiƙin wannan tsari shi ne harajin kadara, wato kuɗin da ake biya kowace shekara gwargwadon darajar ƙasa da gine-ginen da mutum ya mallaka. A 1966 masu zaɓen Nebraska suka gyara tsarin mulkin jihar suka hana gwamnatin jiha karɓar wannan haraji, abin da ya tilasta mata ƙirƙiro harajin ciniki da na kuɗin shiga a 1967, harajin kadara kuwa ya zama na ƙananan hukumomi zalla. Ana ƙiyasta ƙasar noma a kan kashi 75 cikin 100 na farashinta a kasuwa, kuma tsarin mulkin jihar ya hana gunduma sanya fiye da santi 50 a kan kowace dala 100 ta daraja sai da amincewar masu zaɓe. Idan darajar gonar mutum ta canza, akan aika masa da sanarwa a farkon watan Yuni, yana da damar ƙalubalantarta a gaban majalisar gunduma kafin ƙarshen watan, idan bai gamsu ba ya ɗaukaka ƙara zuwa hukumar jiha. Takardar harajin da ke zuwa masa daga baya tana nuna dalla-dalla nawa ya tafi makaranta, wadda ke ɗaukar kaso mafi tsoka, kusan kashi 60 cikin 100 a jihar baki ɗaya, nawa ya tafi gunduma, nawa ya tafi hukumar kashe gobara, nawa ya tafi hukumar kula da ruwa da ƙasa. Tun daga 2022 ma, duk hukumar da ke son ƙara abin da take tarawa fiye da wani ƙayyadadden ma'auni sai an aika wa masu kadara katin gayyata zuwa taron jin ra'ayi, mai ɗauke da adadin da ƙarin zai ci kowannensu. Bayan wannan, Nebraska na cikin jihohi ƙalilan da ke karɓar harajin gado, kuma asusun gunduma yake shiga.

Abin da wannan ke haifarwa a gunduma mai mutum 400 ko 2,000 shi ne kwamishinan da ya amince a sayi sabuwar gireda zai haɗu da wanda ya biya kuɗinta a kasuwar shanu da coci da filin wasan makaranta a cikin mako guda, kuma shi ma kwamishinan gonarsa na cikin waɗanda aka ɗora wa harajin. Manomin da motarsa mai ɗauke da masara ta kafe a hanyar da ba a zuba wa tsakuwa ba ya san wanda zai kira, ya san lambar wayarsa, ya kuma san adadin da ya biya bara. Ido wa ka raina, wanda nake gani yau da gobe, in ji Bahaushe. A wannan wuri rainin ya zama amfani, domin mai muƙamin da jama'a suka san gidansa da gonarsa da bashinsa ba ya samun kwarjinin da zai ɓuya a bayansa. Binciken akanta na jiha yana nan, kuma yakan kama masu almundahana lokaci zuwa lokaci, amma tsaron farko shi ne kuɗin na maƙwabta ne kuma maƙwabtan suna kallo.

Masu neman haɗe gundumomi ba su rasa hujja ba. Suna cewa iyakokin da aka shata domin keken doki ba su da ma'ana a zamanin da mota ke cin mil 60 a sa'a kuma ake sabunta rajistar mota ta intanet, cewa kuɗin da ake kashewa a kan kowane mutum a ƙaramar gunduma ya ninka na babba, cewa ma'aji 93 da sherif 93 sun yi wa jiha mai ƙasa da mutum miliyan biyu yawa. Suna kuma nuni da cewa an taɓa yin haka a wasu wurare: Jihar Connecticut ta soke gwamnatocin gundumominta a 1960, a Dakota ta Kudu kuma an narkar da gundumar Washabaugh cikin Jackson a 1983. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce makarantu, domin Nebraska ta taɓa samun hukumomin makarantu sama da 7,000 wajen 1920, mafi yawansu masu aji ɗaya da malama ɗaya, yanzu kuwa ba su kai 250 ba, kuma babu mai musun cewa yaron da ke zuwa babbar makaranta yana samun ɗakin gwaje-gwaje da malaman fannoni da kakansa bai samu ba.

Sai dai misalin makarantun yana yanka ta ɓangare biyu. A 2005 majalisar dokokin jihar ta tilasta wa ƙananan hukumomin makarantun firamare na karkara narkewa cikin manya, a 2006 masu zaɓe suka soke dokar a ƙuri'ar raba gardama, amma kafin ƙuri'ar an riga an rushe hukumomin, kuma ba su dawo ba. Ƙauyukan da suka rasa makarantarsu sun ga abin da ke biyo baya, domin iyali mai ƙananan yara ba ya zaɓar zama inda yaro zai yi sa'a guda a bas safe da yamma, idan iyalai suka tashi kanti ya rufe, idan kanti ya rufe gidan waya ya bi shi. Ginin gunduma a ƙaramin gari yana cikin 'yan wuraren da suka rage masu biyan albashi duk wata ko an yi damina ko ba a yi ba, saboda haka ɗauke shi yana ƙara saurin ciwon da aka ce ana magani. Game da batun tsimi kuwa, lissafin kuɗi a kan kowane mutum yana ɓoye cewa babban abin da gundumar karkara ke kashe wa kuɗi hanya ce da gada, kuma hanya ba ta gajarta don an haɗe ofisoshi biyu. Mil ɗin da gireda za ta bi yana nan, dusar ƙanƙarar da za a ture tana nan, motocin hatsi da na shanu kuma sun fi na dā nauyi nesa ba kusa ba. Abin da za a rage albashin wasu 'yan jami'ai ne waɗanda tun asali muƙamai uku ko huɗu suke riƙewa da albashi ɗaya, abin da za a ƙara kuwa nisa ne. Gundumar Cherry ta riga ta nuna yadda haɗaɗɗiyar gunduma za ta kasance, domin faɗinta ya kai kimanin murabba'in kilomita 15,500, ya fi na Jihar Connecticut ɗungurungum, da mutum 5,455 a 2020, kuma makiyayin da ke kudancinta yakan yi tafiyar sa'o'i kafin ya isa hedikwata a Valentine, mataimakin sherif ma haka idan an kira shi.

Hanyar da ta fi dacewa ita ce wadda jihar ta riga ta gwada, wato a raba aiki gwargwadon faɗin da ya dace da shi, a bar zaɓe da haraji a kusa. Doka ta ba ƙananan hukumomi damar ƙulla yarjejeniya a tsakaninsu, kuma gundumomi da dama suna tarayya a cibiyar karɓar kiran gaggawa da gidan kaso da sashen lafiya da injiniyan hanya, ba tare da kowacce ta rasa majalisarta ba. Misali mafi kyau shi ne hukumomin albarkatun ƙasa da aka kafa a 1972, guda 23 a yanzu, waɗanda aka shata iyakokinsu bisa kwarin koguna maimakon layin gunduma, tun da yake ruwan ƙarƙashin ƙasa bai san iyaka ba. Suna da zaɓaɓɓun shugabanni da ikon haraji da ikon ƙayyade yawan ruwan da manomi zai ja, kuma manomi ya fi karɓar wannan ƙayyadewa daga hannun manomi ɗan'uwansa da ya zaɓa fiye da daga jami'in da aka turo daga Lincoln. Haka wutar lantarki, domin Nebraska ce kaɗai jihar Amurka da dukkan masu rarraba wutarta na jama'a ne, hukumomi masu zaɓaɓɓun shugabanni ko na garuruwa ko ƙungiyoyin haɗin kai, abin da ke da alaƙa da gwagwarmayar Sanata George Norris, mutumin da ya jagoranci mayar da majalisar dokokin jihar mai zaure ɗaya tun daga 1937.

Ƙanƙanta tana da nata cututtukan, kuma wanda ya ɓoye su bai yi wa karkara adalci ba. Kujeru da yawa ba a takara a kansu, wasu ma sai an roƙi mutum ya tsaya, kuma inda kowa ɗan'uwan kowa ne yakan yi wuya mai ƙiyasi ya ɗaga darajar gonar surukinsa ko sherif ya kama ɗan abokinsa. Ƙasa tana ƙara taruwa a hannun mutane kaɗan, wani ɓangarenta kuma na magada ne da suka koma birni ko masu zuba jari daga nesa, waɗanda ke biyan harajin amma ba su da ƙuri'a a wurin, alhali ma'aikatan mayankan shanu a garuruwa irin su Schuyler da Grand Island, mafi yawansu baƙi daga Latin Amurka da Afirka, suna zaune a wurin amma muryarsu ba ta kai yawansu ba. Harajin kansa ya zama abin kuka, domin farashin ƙasa ya yi tashin gwauron zabo, kuma ana biyansa ne bisa darajar gona, ko manomi ya ci riba a shekarar ko ya faɗi. Wannan kuka ne ya sa Gwamna Jim Pillen ya kira zama na musamman na majalisa a 2024, wanda ya ƙare da ƙarin rangwame daga asusun jiha tare da ƙayyade yadda gundumomi da garuruwa za su iya ƙara abin da suke tarawa. A nan ne haɗarin gaske yake, wanda ya fi na haɗewa, domin tun hukuncin alƙali John Dillon na Iowa a 1868 dokar Amurka ta ɗauki ƙaramar hukuma a matsayin halittar jiha, ba ta da iko sai wanda aka ba ta, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1964 da ya wajabta daidaita mazaɓu bisa yawan jama'a, kujerun karkara a majalisa sai raguwa suke yi bayan kowace ƙidaya. Duk dalar da ta zo daga Lincoln ta maye gurbin dalar da aka tara a gida tana sauƙaƙa wa manomi nauyi a bana, tana kuma mayar da kwamishinansa mai jiran kaso.

Mai karatu a arewacin Nijeriya ya san wannan jiran kason fiye da mutumin Nebraska, kuma alaƙar ba ta kwatanci kaɗai ba ce, tun da tsarin shugaban ƙasa da Nijeriya ta ɗauka a 1979 daga Amurka aka kwaikwayo shi. Sake fasalin ƙananan hukumomi na 1976 ya ɗauki yawan jama'a 150,000 zuwa 800,000 a matsayin ma'aunin ƙaramar hukuma, aka fara da 301, yanzu kuma 774 ne, Kano na da 44, Katsina 34, Jigawa 27. Ma'anar wannan ita ce hukuma mafi kusa da manomin Nijeriya tana ɗauke da jama'ar da a matsakaici suka haura 250,000, a ƙasa da ita kuwa babu wata zaɓaɓɓiyar hukuma mai asusu, domin mazaɓar kansila ba ta da baitulmali, hakimi da dagaci da mai unguwa kuma ba su da kasafi. Ƙauye mai mutum 5,000, wanda a Nebraska birni ne mai magajin gari da majalisa, a nan sai dai ya tura tawagar dattawa sakatariya su roƙi rijiya. Haraji da jangali na zamanin En'e sun zo da zalunci na gaske, tun da a kan kai da kan saniya ake ɗora su ba tare da duba hali ba, kuma wanda ya biya ba shi da ta cewa a kan yadda za a kashe, shi ya sa soke su da gwamnonin jam'iyyar PRP, Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna, suka yi a 1979 ya samu karɓuwa wurin talakawa. Amma ba a maye gurbinsu da wani haraji mai adalci da zai ɗaure ciyaman da jama'arsa ba, sai kason wata-wata daga Abuja, wanda ke bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun gwamna.

Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye kuma ya haramta mulkin kantomomi, ya taɓa rabin matsalar, wato hannun gwamna, amma ko da an aiwatar da shi sarai, ciyaman zai ci gaba da kallon sama ne domin kuɗinsa, sai dai a ce ya sauya wanda yake kallo. Ɗaya rabin yana buƙatar abin da Nebraska ta daɗe da samu, wato kundin da ya nuna wa ke da wace gona da iyakarta da darajarta, domin ba a sanya harajin kadara a kan abin da ba a rubuta ba. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta ba ƙananan hukumomi ikon ba da takardar mallaka ta gargajiya a filayen karkara, jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 kuma ya sanya ƙiyasin gidaje domin haraji cikin ayyukansu, tare da kasuwanni da tashoshin mota da rajistar haihuwa da mutuwa, sai dai ya bar ƙayyade adadin harajin gidajen a hannun majalisar dokokin jiha, kuma mafi yawan gonakin karkarar arewa har yanzu shaidarsu ita ce dagaci da maƙwabtan iyaka da takardar ciniki da aka rubuta da hannu.